Sunan da Na Raɗa wa Liman

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗan Yaya Sani ba, kuma na san duk wanda ya san ni a Zangon Kumasi zai yi dariya in ya ji wannan magana daga bakina. A wancan lokacin ni ne mutumin da zai shiga ɗaki ya tsaya yana kallon bango, yana tambayar kansa abin da ya kawo shi. Amma wannan safiya guda ta zauna mini daram, har launin tabarmar da na zauna a kai zan iya faɗa muku. Da mutum yana zaɓen abin da zai manta, da ita zan fara zaɓa.

Ni tela ne. Shagona yana unguwar Dichemso, amma a Zango aka haife ni, a gidan da kakanmu ya gina da cinikin goro. Tabar wiwi kuwa na fara ta tun ina koyon ɗinki, ana gab da wata Sallah, aiki ya yi mana yawa. Wani abokin aikina ya ce tana kore gajiya, tana sa layin ɗinki ya miƙe. Gajiyar ba ta tafi ba, layin ma bai miƙe ba, sai dai na daina damuwa da karkacewarsa. Sallar ta wuce, wasu suka bi bayanta, ni ina nan da abata.

Ba rana ɗaya kaina ya fara yoyo ba. Da farko almakashi nake nema alhali yana hannuna. Daga nan na fara ba wannan mata zanen waccan. Na taɓa barin dutsen guga a kan shaddar wani ango na fita sayen ruwa, na tsaya hira, sai ƙauri ne ya tuna mini. Na taɓa hawa trotro, wato motar haya, har kasuwar Kejetia don in sayo zif da zare, na dawo da burodi da soson wanka (har yau ban san wa ya aike ni soson ba). Sallah kuwa in ba a bayan liman nake ba, Allah kaɗai ya san raka'a nawa nake kai masa. Abokai suka sa mini suna Ina-na-aje, ina amsawa ina dariya, amma in na kaɗaita abin yana ba ni tsoro.

Yaya Sani shi ya riƙe ni tun rasuwar Babanmu. Direban babbar mota ne, yana ɗauko albasa daga Nijar zuwa Kumasi, kuma mutum ne marar yawan magana. Wata rana ya zaunar da ni a zaure ya ce ya san abin da nake sha, ya san abin da yake yi mini, ba zai zage ni ba, amma in dubi Allah in bari. Na yi kuka na gaske, na rantse masa na bari. Na kuwa bari, na ɗan lokaci. Da na koma sai na koma da dabara: kanumfari a baki, turare a riga, ruwan ɗigawa a ido. Mai sayar mini wani ne Lukman, wanda duk Zango ta sani da Lukman Ganye, yana zama bayan tsohon gidan wanka. Mutum ne mai fara'a da son jama'a, ba suna ba jana'iza da za a yi ba ka gan shi a ciki ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gaskiyar magana ita ce ba na son bari. Abin da nake so shi ne wani abu da zai bi bayan hayaƙin yana share sawunsa, in sha abina kaina ya zauna lafiya. Sai kuwa na same shi, a cikin trotro, ina dawowa daga Asokore Mampong inda na kai wa wata mata ɗinkinta. Wani mutum mai farar riga da jaka ya miƙe a gaba, ya yi mana addu'ar sauka lafiya, sannan ya ɗaga wata kwalba mai hoton giwa da hoton ƙwaƙwalwa. Yana yi da Asantanci yana juyawa da Hausa saboda mu.

"Aduro ne, magani na kai, na ƙwaƙwalwa. Ɗan makaranta ya sha, ya ci jarrabawa. Tsohuwa ya sha, ya tuna inda ya aje makullin shi. Giwa ba ya mantuwa, kai ma ba za ka manta ba."

Ban saya a cikin motar ba, saboda idon mutane. Na jira ya sauka na sauka tare da shi, a wurin da ba nan za ni ba. Na ja shi gefe na ce ina da wani aboki da yake ɗan shan wiwi, kansa ya fara rikicewa, ko wannan zai yi masa. Mutumin ya dubi leɓena, ya dubi idona, ya yi murmushi.

"Abokin ka ya sha cokali biyu safe, cokali biyu yamma. Ba sai ya bar komai ba. Wannan yana wanke kai tas."

Kalmar "ba sai ya bar komai ba" ita na saya, kwalbar kyauta ce aka ɗora mini a kai. Maganin baƙi ne, ga ɗaci ga yajin citta, in na sha sai gabana ya riƙa bugawa da sauri, fitsari ya riƙa matsa mini. Ni kuma na ce ai aiki yake yi, dattin ne yake fita. Matsalar da ban hango ba ita ce maganin mantuwa ma sai an tuna ake shan sa. Wata rana in manta ban sha ba, wata rana in manta na sha in sake sha. Duk da haka na sa wa raina na warke. In na tuna inda na ajiye tef ɗin awo sai in ce kun gani, giwa ta fara aiki. In na manta kuma sai in ce ai ban gama kwalbar ba.

Ana cikin haka Anti Rabi, matar Yaya, ta haihu, namiji, bayan shekaru suna jira. Mahaifiyarta ta zo daga Bawku don zaman jego. Hajiya muke kiranta, 'yar ƙaramar tsohuwa mai sanyin murya, kuma tun zuwanta ta ɗauke ni kamar ɗanta. Tela take ce mini. Kullum sai ta ajiye mini tuwo a rufe, in na makara ta ce a ɗumama. Mijinta dillalin shanu ne, ya rasu tun kafin auren Anti Rabi, mu nan Kumasi ba mu san shi ba sai da Alhaji Mai Shanu. Hajiya kuwa irin matan da ne, ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, yana raye ko bayan ransa. Ko wani mai irin sunan ta haɗu da shi sai dai ta ce "mai sunan Malam". 'Ya'yanta duk mata ne, jikokin da aka samu kafin wannan su ma mata, saboda haka ba a taɓa mayar da sunan marigayin ba.

Yaya yana hanya aka yi haihuwar, kuma motarsa ta lalace a wani ƙauye a Burkina, suna jiran a kawo musu ƙarfen da ya karye. Wurin ba sabis, sai ya hau wani tudu yake samun kira. Suna ya matso, ya tabbata ba zai iso ba, sai ya kira ni. Ya ce kada a ɗaga, a yi suna a ranarsa, kuma ni zan zauna a madadinsa in raɗa wa Liman sunan. Na ce ai ga Kawu, ƙanen Babanmu, shi ne babba.

"Na san da Kawu," in ji shi. "Kai nake so. Ina so mutane su ga ƙanena ya zama mutum."

Sannan ya gaya mini sunan Alhaji Mai Shanu zai mayar, kuma kada in gaya wa kowa, ko Rabi, yana so Hajiya ta ji shi daga bakin maroƙi. Ya faɗi sunan: Zulkifilu. (Kun ga yanzu ina faɗinsa ba gargada.) Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya ce, "In turo maka a waya, ko ka rubuta a wani wuri?"

Nan ne giwar ta yi magana da bakina. Na ce, "Haba Yaya, suna ɗaya? Kana ganin har yanzu ni ne na da? Wallahi in ka turo ka raina ni." Ya yi 'yar dariya ya ce to shi ke nan, Allah ya yi albarka. Na ji daɗin wannan dariyar ƙwarai, don na daɗe ban ji ta ba.

Ashe ya yi magana da Hajiya ita ma, bai gaya mata komai ba illa ta kasa kunne da kyau ranar suna. Tsohuwa kuwa ta gane. Washegari ta kira ni ɗakinta, ta buɗe akwati ta fito da wata tsohuwar farar shadda da ta sha wanki har ta yi laushi. Ta ce rigar Malam ce, ita kaɗai ta rage mata, in yanka in ɗinka wa jaririn 'yar riga ya sa ranar suna. Ba ta ce ta san komai ba, ni ma ban ce ba, amma yadda take shafa shaddar ya isa. Na ɗinka rigar nan da hannuna, har da ɗan aiki a wuya. Tun da nake ɗinki ban taɓa yin abin da ya kai ta kyau ba.

Ranar suna, ana idar da sallar Asuba aka fara jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa a ƙofar gida. Koko da ƙosai suna zagayawa, ga goro da dabino a faranti, ga rago a ɗaure jikin gini yana ta kuka. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake, don ban taɓa zama a gaban malamai a matsayin uba ba. Sai na ce bari in ɗan kwantar da hankalina. Na zaga bayan gida na yi zuƙa kaɗan, wai kaɗan. Na dawo ɗaki na ɗauki kwalbar giwa, na ce yau ba ranar cokali ba ce, na kafa kai na kwankwaɗa. Na tauna kanumfari, na fesa turare, na sa babbar riga, na fito ina jin kaina kamar wani alƙali.

Aka zaunar da ni a kan tabarma, koriya mai ratsin ja, kusa da Liman. Kawu yana gefe ɗaya da carbinsa, fuskar nan a ɗaure, don bai ji daɗin tsallake shi da aka yi ba. Aka yi salati, wuri ya yi tsit. Liman ya sunkuyo ya kawo kunnensa kusa da bakina ya ce, "To baban yaro, wane suna aka zaɓa?"

Na buɗe baki, na tarar ba kowa a gida.

Wallahi ina tuna komai na wayar nan. Ina jin muryar Yaya tana yankewa, ina jin iskar tudun, ina jin ya ce in maimaita, ina jin kaina ina maimaitawa. Sunan ne kawai babu, kamar an sa almakashi an yanke shi daga tsakiyar zance. Na san na Alhaji Mai Shanu ne, amma Liman bai san Alhaji Mai Shanu ba, ba wanda ya san shi a rumfar nan. Gabana yana dukan uku-uku, ga fitsarin giwa ya zo ya tsaya.

Yanzu in na zauna ina lissafa hanyoyin da nake da su sai in ji kamar in mari kaina. Da na ce, "Malam, a ɗan yi mini haƙuri," na shiga cikin gida na tambayi Anti Rabi sunan mahaifinta a kunne, da shi ke nan. Da an ɗan yi gunaguni, Kawu ya yi tsaki, a wuce wurin. Amma tsakin Kawun nan shi na kasa ɗauka. Na hango shi yana cewa ai dama ya faɗa, na hango labari ya kai wa Yaya cewa ƙanensa ya tashi daga gaban malamai ya je tambayar suna. Girman kai ya danne ni a kan tabarmar.

Liman ya sake cewa, "Na'am? Ban ji ba."

Na rufe ido na ce wa kaina duk sunan da ya fara zuwa shi ne, ai magani yana aiki, zai turo shi. Sai kuwa wani suna ya taso, sumul, ba wahala, irin wanda harshe ya saba da shi. Na ji sanyi a raina. Na raɗa wa Liman: "Lukman."

"Masha Allah, suna mai kyau," in ji Liman. Ya yi addu'a mai tsawo, muka shafa. Ya faɗa wa maroƙi, maroƙi ya miƙe ya buɗe murya yadda har layi na gaba za a ji, ya ce yaro ya ci sunan Lukman, Allah ya raya shi, Allah ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. Liman ya karɓi wuƙa ya nufi wurin rago. Ni kuma har na fara karɓar gaisuwa ina murmushi, don a wannan ɗan lokacin na yarda da gaske cewa daidai na faɗa.

Daga cikin gida aka fara guɗa, sai ta tsaya a tsakiya, kamar an toshe bakin mai yin ta. Ban gama tunanin dalili ba sai na ji motsi a kujerun baya, inda samari suke. Wani ya miƙe da kofin koko a hannu. Lukman Ganye ne.

"Cale, abokina, ni?" ya ce, yana dafa ƙirji. "Ni ka yi ma takwara?"

Ya ajiye kofin ya ratso kujeru ya taho, idonsa ya cika da hawaye, hawaye na gaske. Ya kama hannuna da hannu biyu ya juya ga jama'a.

"Jama'a ku taya ni godiya. Ni ban san ya ɗauke ni haka ba. Wannan mutumi na ne tun yana koyon ɗinki, kullum yana wuri na, rana ɗaya bai taɓa saɓa mini ba. Ko jiya da yamma muna tare, ya karɓi na shi, bai gaya mini komai ba. Ashe abin da ya shirya ke nan. Medase, na gode, ɗan'uwa, medase."

Ya rungume ni. Babu wanda bai san abin da ake karɓa a wurin Lukman ba, tun daga malaman da ke tabarma har masu raba goro. Samari suka sunkuyar da kai kafaɗunsu suna rawa. Wani dattijo ya ce a'uzubillahi a hankali. Kawu bai yi tsakin da nake tsoro ba, ya dai dube ni, ya mayar da carbinsa aljihu, ya tashi ya tafi. Ta saman kafaɗar Lukman ina hango Liman ya riga ya yanka rago, yana wanke hannu. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ko tashi ban iya yi ba sai da ya sake ni, kuma da ya sake ni banɗaki na fara nufa.

Dariyar waje ba ita ta fi ci mini rai ba. Shiga cikin gida ne. Mata suka buɗa mini hanya. Anti Rabi ta juya fuskarta bango. Hajiya tana zaune a bakin gado da jaririn a cinyarta, yana sanye da 'yar farar rigar, ita kuma ta ci ado da sabon mayafi. Ta ɗago ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Tela, haka yayanka ya ce?"

Na ga ƙofar ƙarya a buɗe, kuma na saba shiga irinta. Amma in na shiga, Yaya zan jefa a ciki. Na durƙusa na ce, "A'a Hajiya. Ba haka ya ce ba. Ni na manta."

Ta daɗe tana kallon yaron. Sannan ta gyara masa wuyan rigar ta ce, "To. Allah ya raya Lukman."

Yadda ta faɗi sunan nan gatsau, ba sakayawa, shi ya karya ni. Da na yi aikin da aka sa ni, da har ta mutu ba za ta iya kiran sunan yaron nan ba. Da sai dai ta ce Maigida, ko mai sunan Malam, tana rufe baki da mayafi tana murmushi. Abin da ta taso tun daga Bawku da tsohuwar shadda a akwati don ta samu ke nan, wato jikan da za ta ji kunyar sunansa.

Da Yaya ya dawo bai daka mini tsawa ba, da ma ya yi. Ya same ni a shago ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na tambaye ka in turo maka." Daga nan ya ce, "Rantsuwar ma ashe haka take." Ya juya ya tafi. Ya je wurin Liman, Liman ya ce babu laifi a addini a canja suna. Hajiya ce ta hana. Ta ce an yanka rago, an yi addu'a, jama'a sun ce amin, yaro ba riga ba ne da za a farke a sake ɗinkawa. Ta ce in Allah ya kawo wani namijin sai a mayar. Ta wanke 'yar rigar ta naɗe ta mayar akwati, da ta gama zaman jego ta koma da ita Bawku. Har ta tafi ba ta fasa ajiye mini tuwo ba, ni ne na kasa ci.

Bayan tafiyarta na ɗauki kwalbar giwa na tafi asibiti, kuma ko a nan ban yi hankali ba, don cewa na yi an sayar mini da jabu, bari in je a ba ni na gaske. Likitar wata mata ce mai haƙuri. Ta buɗe kwalbar ta shinshina, ta tambaye ni me ke ciki, na ce ban sani ba, ta ce ita ma haka, ta ajiye ta can nesa da ni. Na gaya mata komai, har da sunan. Ba ta yi dariya ba (ko ta yi, sai bayan na fita). Na ce ƙwaya nake so wadda za ta dawo mini da kaina. Ta ce masana suna ta gwada magunguna a kan irin matsalata, amma ita ba ta da wata ƙwaya da za ta miƙo mini ta ce ga shi, sha ka ci gaba da hayaƙinka. Abin da ta sani shi ne mutane da yawa in sun bari, kansu yakan washe a hankali. Ta ce in bari, in riƙa barci a kan lokaci, in riƙa rubuta abu ba tare da jin kunya ba, in riƙa dawowa muna magana. Na fito raina a ɓace, wai na biya kuɗin mota na zo an maimaita mini abin da Yaya ya gaya mini kyauta a zaure.

Na bari dai, da ƙyar. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, na yi faɗa da kwastomomin da ba su yi mini komai ba. Na koma sau ɗaya, na sake bari. A hankali kaina ya fara dawowa, ba duka ba, amma yanzu in na je Kejetia sayen zif, zif nake dawowa da shi. Yaya ya ɗauki lokaci kafin ya sake yi mini irin dariyar nan, kuma har yau in ya ba ni saƙo sai ya bi shi da rubutu a waya. Ni kuwa godiya nake yi.

Anti Rabi ta sake haihuwa, mace, ta kuma sake, mace. Hajiya ta rasu a Bawku ba a samu namijin ba. Da Anti Rabi ta dawo daga zaman makoki ta ce an sami 'yar rigar a ƙasan akwatinta, a naɗe yadda ta naɗe ta. Ba don ta ƙona mini rai ta faɗa ba, amma ban iya zuwa shago ranar ba.

Lukman ƙarami yanzu yana makaranta, yaro mai kaifin kai, duk abin da aka karanta masa sau ɗaya ya riƙe. Lukman babba kuwa ya ɗauki takwara da muhimmanci fiye da yadda kowa ya so. Duk Sallah sai ya sayo wa yaron yadi, kuma ni yake kawo wa in ɗinka, ya ce ai ni na haɗa zumuncin.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne. In mai ƙaunarka ya ce zai turo maka a waya, ka ce to. In kuma wani ya ce ga maganin da zai gyara maka kai ba sai ka bar komai ba, ka bar masa kwalbarsa da giwarsa. Sunan kuwa ya dawo mini tun a ranar, da hantsi, ina tsaye ana fiɗar rago, ba tare da ko cokali ɗaya ba. Zulkifilu. Tun daga lokacin bai sake barin kaina ba, sai dai ba wanda ya sake tambayata.